Yadda Ake Gano Matsalar Faifai da Katin Sarrafa Shi a Sabar Gida

Yawancin faya-fayan da ake yanke wa hukuncin mutuwa a sabar gida lafiyarsu ƙalau. Mutum zai sayo tsohuwar Dell PowerEdge ko HP ProLiant ta hannu, ko ya mayar da tsohuwar kwamfutar tebur uwar garke don ajiye hotunan iyali, lissafin shago da karatuttukan malamai, ya jera mata faifai huɗu ya kunna. Biyu su fito, biyu su ƙi. Ko duka su fito yau, jibi ɗaya ya ɓace ana tsakiyar kwafe kaya. Nan take sai a ɗora wa faifan laifi, a koma kasuwa ana kai ruwa rana da mai kaya. Alhali tsakanin faifai da babbar manhaja, irin su Linux ko Windows, akwai wuta, akwai waya, akwai katin da ke sarrafa faifan, akwai famwaya, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin, akwai direba mai haɗa katin da babbar manhaja, kuma kowannensu yana iya ɓatar da lafiyayyen faifai. Aikinka shi ne ka gano a wane mataki faifan ya maƙale. Ana farawa daga ƙasa a hau sama, kuma abu ɗaya tak ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza waya da kati da gurbi lokaci guda, ko matsalar ta tafi bai san me ya kore ta ba.

Umarnin da zan kawo na Linux ne, don haka za su yi maka aiki a Debian, Ubuntu, Proxmox da TrueNAS SCALE.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya

Idan akwai bayanan da kake so a kan faya-fayan, haramta wa kanka danna duk wani abu da ya ce "Initialize", "Clear", "Create" ko "Format" har sai ka gama bincike. Ɗauki hoton cikin akwatin da wayarka yadda kowace waya ta fito sarai. Rubuta lambar siriyal ta kowane faifai a takarda tare da gurbin da yake zaune, ka kuma manna lambobi huɗu na ƙarshe a goshinsa inda ido zai gani. Ranar da manhaja ta ce faifai kaza ya lalace, da wannan lambar za ka gane shi, don sunaye irin su sda da sdb suna sauyawa daga kunnawa zuwa kunnawa.

Zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kati. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga na tartsatsi a jiki, wannan taɓa ƙarfen wajibi ne.

Mataki na farko: san katin da kake da shi

Buga wannan:

lspci -nnk | grep -iA3 -E "sata|sas|raid"

Zai nuna maka sunan guntun da ke kan katin, da layin da ya ce "Kernel driver in use". Sunan guntun ya fi sunan da aka buga a kwali muhimmanci, domin Dell da IBM da HP da Fujitsu sun sha ɗaukar guntun LSI su sa masa nasu sunan. Dell PERC H200 da H310 da IBM M1015 duk guntu ɗaya ne a ciki, LSI SAS2008, wanda ke kan LSI 9211-8i.

Abin da za ka gani ba zai wuce iri uku ba. Na farko kafofin SATA na jikin madabod, masu aiki da direban ahci. Su ne mafi ƙarancin rigima, kuma idan faya-fayanka ba su fi yawan kafofin ba, ba ka bukatar sayen kati ko kaɗan. Na biyu katin HBA, mai ƙara kafofin faifai kawai, wanda direbansa yawanci mpt3sas ne. Na uku katin RAID na gaske, wato mai haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar guda, mai ƙwaƙwalwar ajiyarsa da batirinsa, irin PERC H700 da H710 masu direban megaraid_sas, ko HP Smart Array P410 da P420 masu direban hpsa.

Bambancin na biyu da na uku shi ne tushen rabin matsalolin da ake kawowa. Katin RAID dillali ne: yana tsayawa tsakanin babbar manhaja da faya-fayan, ba ya bari su ga juna, abin da ya ga dama shi yake faɗa wa kowane ɓangare. Ka sa masa faifai huɗu sababbi, Linux ba zai ga ko ɗaya ba sai ka shiga manhajar katin ka haɗa su faifan boge guda, wanda Dell ke kira "Virtual Disk". Shi kuwa HBA miƙa faifai kawai yake yi yadda yake, da siriyal ɗinsa da rahoton lafiyarsa.

Idan ZFS za ka yi amfani da shi, ko Unraid, ko mdadm, wato manhajojin da ke haɗa faya-fayai da kansu ba tare da katin RAID ba, HBA kake bukata. ZFS yana lissafin sa-hannu a kan kowane guntun bayani, yana kuma bukatar ya tabbata cewa abin da ya ce a rubuta an rubuta shi a kan faifai da gaske, a jerin da ya tsara. Katin RAID yana iya riƙe rubutun a ƙwaƙwalwarsa ya ce an gama. Akwai dabarar da ake yawan ba mutane, wai a mayar da kowane faifai RAID0 shi kaɗai don ya fito a manhaja. Ban yarda da ita ba sam. Katin yana nan a tsakani, yana rubuta nasa bayanan a kan faifan, yana ɓoye rahoton SMART na lafiyar faifai sai an nema ta hanya ta musamman, kuma ranar da faifai ya samu tangarɗa katin na iya jefar da shi gaba ɗaya maimakon ya bar ZFS ya gyara ɗan wurin da ya lalace.

Wannan ba ya nufin katin RAID ba shi da amfani. Idan ext4 ko XFS za ka ɗora a kan RAID1 ko RAID10 na katin, hanya ce sahihiya da aka daɗe ana bi. Sai dai ka zaɓi ɗaya: ko kati ya yi RAID, ko manhaja ta yi.

Mataki na biyu: shiga BIOS

Nan ba a daɗewa. Nemi saitin SATA ka tabbata yana kan AHCI. Kwamfutocin ofis na Dell da yawa suna zuwa a kan "RAID On", wato Intel RST, kuma a wannan yanayin mai saka Linux na iya kasa ganin faifan NVMe kwata-kwata. Sababbin madabod na Intel suna da VMD mai irin wannan hali. A HP MicroServer Gen8 akwai B120i, wanda RAID ɗinsa na direba ne kawai, shi ma a mayar da shi AHCI. Amma ka sani, a yanayin AHCI wannan na'ura ba ta tashi kai tsaye daga kafa ta biyar, ta gurbin faifan CD, idan akwai faya-fayai a gurabun gaba. Masu ita kan ɗora manhajar tayarwa a katin microSD ko filashin da ke ciki. Idan kuma akwai Windows a kan kwamfutar, sauya wannan saitin zai iya hana shi tashi, don haka ka yi shiri tukuna.

Duba littafin madabod ɗinka a kan gurbin M.2. A madabod da yawa, da zarar ka sa faifai a wani gurbin M.2, kafar SATA ɗaya ko biyu za su mutu, domin layi ɗaya suke rabawa. Mutane kan kwana suna canza waya a kan kafar da madabod da kansa ya kashe.

Mataki na uku: wuta da waya

Kunna sabar akwatin na buɗe, ka ɗora yatsa a bayan faifan da ya ƙi fitowa. Faifai mai juyawa yana ɗan kaɗawa, kuma za ka ji ƙarar tashinsa a daƙiƙun farko. Idan shiru ne kuma sanyi ƙalau, yawanci matsalar wuta ce, fara daga nan kafin ka koma kan kati.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata kowa ya sani. Ƙa'idar SATA 3.3 ta ba fil na uku na kafar wuta sabon aiki: idan wuta ta shiga ta wannan fil, faifan zai ɗauka an ce masa ya kashe kansa. Tsofaffin akwatunan wuta kuwa, wato PSU, suna tura bolt 3.3 ta wannan fil ɗin ba dare ba rana. Sakamakon shi ne faifai sabo fil ya ƙi ko motsi. An fi ganin haka a manyan faya-fayan kamfanoni da waɗanda aka ciro daga cikin akwatin USB na WD. Alamar da ba ta ƙarya: faifan yana aiki a akwatin USB, amma a cikin saba kamar gawa.

Maganin ɗan tef ne. Juya faifan ka kalli bakinsa. Akwai ƙaramar kafa mai fil 7 ta bayanai, da doguwa mai fil 15 ta wuta. A kan doguwar, fara ƙirga daga gefen da ke maƙwabtaka da ƙaramar: ɗaya, biyu, uku. Yanko siririn tef na Kapton, mai ruwan zuma ɗin nan da masu gyaran waya ke amfani da shi, ka shimfiɗa shi a kan fil na uku, ka lanƙwasa bakinsa ya zagaya ƙarshen robar don kada ya tattare in ka tura filogi. Idan hannunka na rawa, rufe ukun farko gaba ɗaya, faifai mai inci 3.5 ba ya amfani da su. Kada tef ya taɓa na huɗu. Wata hanyar ita ce cire wayar ruwan lemo daga igiyar wutar, ita ce mai ɗauke da bolt 3.3. Ana kuma iya amfani da mahaɗin Molex zuwa SATA, amma ka guji masu arhar nan da aka narka robarsu a kan wayoyin, an sha ganin sun kama da wuta. Nemi wanda aka datse wayoyinsa a cikin filogi.

Sai ƙarfin akwatin wutar. Faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin da yake tashi, ya ragu sosai bayan ya daidaita. Faifai takwas sun kusa wat 200 ke nan a daƙiƙun farko, ban da sauran kayan. Idan kana jin faifai na tashi yana ƙas-ƙas yana sake tashi, ko kullum wani daban ne ke ɓacewa, zargi wuta. Cire rabi ka kunna. Idan ragowar sun fito lafiya, ka samu amsa. Kada kuma ka jera faifai biyar ko shida a igiya ɗaya ta hanyar mahaɗi kan mahaɗi.

Idan faifan yana juyawa amma bai fito ba, koma kan wayar bayanai. Ɗauki wayar faifan da ke aiki ka sa wa wanda ba ya yi. Matsalar ta bi waya, ko ta zauna a kan faifai, ko ta zauna a kan kafa? Wannan gwajin na minti biyu ya fi awa guda na karatu a intanet.

Masu katin SAS, wato irin mahaɗin faifai na manyan saba, suna da nasu tarkon. Kafar SFF-8087 da ke kan 9211-8i, ko SFF-8643 da ke kan 9300-8i, kowace tana ɗaukar faifai huɗu ta wayar da ta rabu gida huɗu. Wayoyin iri biyu ne, kuma a ido ba su da bambanci ko kaɗan. Mai suna "forward breakout" tana tashi daga kati zuwa faya-fayai, ita kake so. Mai suna "reverse breakout" tana tashi daga kafofin SATA na madabod zuwa allon bayan gurabun saba. Ka sa ta biyun a kan kati, ba faifan da zai fito, ba kuma saƙon kuskure. Duk lokacin da kati ya fito a lspci lafiya, direba ya hau, amma faifai sifili, fara zargin wannan waya.

Ka kuma riƙe wannan: katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma kafar SATA ba ta karɓar faifan SAS har abada, ko da an samo mahaɗin da ya shiga. Faifan SAS ana gane shi da cewa babu tsaga tsakanin kafar wuta da ta bayanai, robar a haɗe take. Yana bukatar katin SAS da waya mai bakin SFF-8482, ko gurbin saba da aka yi dominsa.

Mataki na huɗu: katin kansa

Idan katin bai fito a lspci ba, sauya masa gurbin PCIe. Wasu madabod na gida suna da gurbin da ba ya son komai sai katin hoto. Idan kuma kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya da ka sa H310, ko ta tashi amma rabin RAM ya ɓace, rikicin layin SMBus ne, wanda ke faruwa in an sa katin Dell a wasu madabod na daban. Ana rufe fil B5 da B6 da siririn tef: a fuskar katin mai ƙarfen sanyaya, fil na biyar da na shida in ka ƙirgo daga gefen ƙarfen da ake ɗaurewa da noti.

Sai shekarun kati. Idan faifai mai TB 4 ya fito a matsayin TB 2 ko 2.2, katin ya tsufa. PERC 6/i da SAS 6/iR da duk mai guntun SAS1068E ba sa wuce wannan iyaka, kuma babu famwayar da za ta gyara. Irinsu ne ke zuwa a cikin R710 da yawa. A canza kati kawai. Amma in ka ga 3.6T a lsblk, lafiya lau ne, bambancin lissafin kamfani da na kwamfuta ne.

Yanzu famwaya. Katunan LSI suna da iri biyu: IR mai ɗan RAID, da IT mai miƙa faifai tsantsa. Duba naka da:

sas2flash -list

Na ƙarni na uku kuma, irin 9300-8i mai guntun SAS3008, sas3flash. Ka duba abu biyu, ko ya ce IT, da lambar famwayar. Ga SAS2008 da SAS2308 ana son 20.00.07.00. Fitowar farko ta jerin 20 tana da kurakuran da ke sa faifai yankewa, don haka in ka ga 20.00.00.00 ko 20.00.02.00 ka sabunta. Ga SAS3008 masu TrueNAS sun fi natsuwa da 16.00.12.00.

Sauya 9211-8i daga IR zuwa IT yana tafiya haka. Rubuta adireshin SAS na katin, lamba ce mai harafi 16 da ke farawa da 500, tana kan takardar da aka manna a bayansa. Cire duk faya-fayai daga katin. Tashi kwamfutar daga filashi zuwa EFI Shell, domin a sababbin madabod sigar DOS takan tsaya da saƙon "Failed to initialize PAL". Goge tsohuwar famwaya da sas2flash.efi -o -e 6, sannan nan take, ba tare da kashewa ko sake kunnawa ba, ka rubuta sabuwar da sas2flash.efi -o -f 2118it.bin. Fayil ɗin mptsas2.rom ba dole ba ne sai in daga faifan da ke kan katin sabar za ta tashi, barinsa ma yana sa ta tashi da sauri. A ƙarshe duba adireshin SAS, in ya goge ka mayar da shi da -o -sasadd.

Tsakanin gogewa da rubutawa katin fanko ne. Idan aka ɗauke wuta a wannan ɗan taƙin, kana iya rasa shi. Kada ka fara sai sabar na kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Katunan Dell da IBM suna bukatar ƙarin mataki da megarec kafin wannan, kuma ƙananan PERC na "Mini Mono" da ke zama a gurbi na musamman a R620 da R720 hanyarsu daban ce, in aka bi ta katin PCIe sabar na iya ƙin tashi da shi. Nemi jagorar da ta ambaci ainihin samfurinka. A ganina, wanda bai taɓa yi ba gara ya ƙara kuɗi kaɗan ya sayi wanda aka riga aka mayar IT, ko Dell HBA330 wanda haka aka ƙera shi. PERC H730 yana da yanayin HBA a saitinsa, HP P420 ma ana kunna masa da ssacli, sai dai ba a tashi daga gare shi a wannan yanayin.

Wanda ya zaɓi zama da katin RAID ya kula da abu biyu. Idan ya ga "Foreign configuration found", katin ya tarar da bayanan RAID na wani kati a kan faya-fayan. In bayananka ne a ciki, "Import" ake yi. "Clear" na wanda ya sayo faifan hannu ne yana son farawa daga farko. Na biyu batir: in ya mutu katin yana daina riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa, sabar ta koma tafiyar hawainiya. Kada ka tilasta masa ci gaba da riƙewa babu batir, a inda wuta ke yankewa ba sallama wannan hanyar asarar bayanai ce.

Ƙananan katunan SATA masu arha fa? Masu guntun ASMedia ASM1064 ko ASM1166, da JMicron JMB585, suna aiki lafiya. Wasu na Marvell jerin 88SE92xx suna watsar da faya-fayai in an kunna VT-d, saitin BIOS da ke ba da damar miƙa kati ga wata manhajar da ke gudana a cikin sabar. Wanda kuma ya yi alkawarin kafa 10 ko 16 ko 20 a kan ɗan gurbin PCIe x1, kafofi kaɗan ne aka rarraba da guntun ninkawa, kuma faifai ɗaya in ya rikice yakan ja 'yan'uwansa. Bar shi a shago.

Mataki na biyar: saurari abin da kernel, zuciyar Linux, ke faɗa

dmesg -T | grep -iE "ata[0-9]|mpt3sas|megaraid|I/O error|reset|sector"

"SATA link down" a kan kafar da ka san akwai faifai yana nufin waya, wuta ko kafar da aka kashe. "hard resetting link" da "failed command: READ FPDMA QUEUED" masu maimaituwa, musamman tare da "ICRC" ko "BadCRC", waya ce a mafi yawan lokuta. "Power-on or device reset occurred" ana tsakiyar aiki yana nuna faifan ya rasa wuta ko katin ya sake shi. "Medium Error" ko "UNC" kuwa daga jikin faifan ne.

Idan lspci ya nuna kati amma babu layin direba, babbar manhajar ce ba ta san shi ba. Red Hat ta cire tallafin SAS2008 daga RHEL 8 a 2019, masu bukata kan samo direban daga ELRepo. VMware ESXi 7.0 na 2020 shi ma ya yar da tsofaffin direbobi, katunan nan suka bi ruwa. A Debian, Ubuntu da Proxmox suna aiki ba tare da an saka komai ba. Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce tashi daga filashin Ubuntu ba tare da sakawa ba. Faya-fayan sun fito a can? To kayanka lafiya suke, gyaran na manhaja ne.

Mataki na shida: yanzu ne za a tuhumi faifai

smartctl -a /dev/sda

A bayan katin PERC ƙara -d megaraid,0, a bayan na HP -d cciss,0, kana sauya lambar ga kowane faifai. Layuka kaɗan ne abin dubawa. Lamba 5, 197 da 198 suna ƙirga wuraren da suka lalace a jikin faifan. In sun wuce sifili kuma suna ƙaruwa, faifan na kan hanyarsa. Lamba 199 kuwa kurakuran hanya take ƙirgawa, wato waya ko kafa. Ba ta komawa sifili ko an canza waya, don haka rubuta adadin yau ka duba ko ya ƙaru gobe. Lamba 9 awannin aikinsa ne, in mai kaya ya ce sabo ne ka ga awa dubu talatin, ka san inda aka kwana. Faifan SAS ba ya kawo wannan jeri, nemi layin "Elements in grown defect list".

Faifan SAS na hannu da aka ciro daga manyan na'urorin NetApp ko EMC yakan fito da girman 0B, dmesg kuma ya ce "Unsupported sector size 520". Lafiyarsa lau, an tsara shi ne da sashe mai bayit 520 maimakon 512. Saka sg3-utils da lsscsi, gano sunansa da lsscsi -g, sannan ka sa shi a madadin sg2 a nan:

sg_format --format --size=512 /dev/sg2

Tabbatar da siriyal sau biyu kafin ka danna, don yana share komai. Yana cin awanni, kuma ba a katse shi. Ta HBA ake yinsa.

Faifan da ya fito amma manhaja ta ƙi karɓarsa yawanci yana ɗauke da ragowar tsohon aure, alamar RAID ko ZFS ta inda ya fito. wipefs /dev/sdX, inda sdX ke nufin sunan faifanka, zai nuna maka su ba tare da ya taɓa komai ba, wipefs -a zai share.

Akwai kuma faifan da komai nasa daidai ne amma rubutu mai yawa na sa shi suma har ZFS ya kore shi. Duba ko SMR ne, wato faifan da ke ɗora layukan rubutunsa a kan juna. A 2020 aka gano cewa WD Red masu TB 2 zuwa 6 da lambarsu ke ɗauke da EFAX irin wannan ne, abin da ya sa kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR, mai rubutu na al'ada. Faifan SMR na iya ajiyar kayan da ba a yawan taɓawa, amma sake gina RAID a kansa azaba ce. Bincika lambar samfurin kafin ka biya kuɗi.

Matsalar da ke zuwa bayan awa guda

Idan komai yana tafiya daidai da safe, amma da an fara babban kwafi faya-fayai da yawa su faɗi tare, zafi ne. An ƙera katunan LSI don akwatin saba mai fankoki masu ƙugi da ke hura iska ta kansu. A akwatin kwamfutar tebur babu mai hura musu komai. Kashe sabar bayan ta yi aiki ka kai yatsa kusa da ƙarfen sanyayar katin a hankali. In ba ka iya barin yatsa a kai ba, ɗaura masa ƙaramar fanka mai milimita 40 da igiyar roba. Katin da ya shekara goma yana aiki, man da ke ƙarƙashin ƙarfen ya bushe ya zama gari, a goge a sa sabo. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ɗaki kansa yana haura digiri 40, don haka faya-fayan ma suna son fanka a gabansu. Lamba 194 a SMART ita ce zafinsu, yi ƙoƙarin riƙe su ƙasa da 45. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙarfen sanyaya cikin 'yan makonni, a riƙa hure ta.

Idan TrueNAS zai zauna a cikin Proxmox

Miƙa masa katin HBA ɗungurungum ta PCIe, kada ka miƙa faifai ɗaya-ɗaya. Kunna VT-d ko AMD-Vi a BIOS, ka tabbatar da dmesg | grep -e DMAR -e IOMMU. Duba rukunin da katin ya faɗa:

find /sys/kernel/iommu_groups/ -type l

In yana rukuni ɗaya da katin sadarwa, tare za su tafi, sai ka sauya masa gurbi. Faifan da Proxmox ke tashi daga kansa ya zauna a kafar madabod, nesa da katin da za a miƙa. Kada kuma ka taɓa shigo da rumbun ZFS ɗin, wato tarin faya-fayan da aka haɗa, a Proxmox alhali TrueNAS na riƙe da shi, manhaja biyu a kan rumbu ɗaya suna lalata shi.

Gwaji kafin ka zuba kaya

Faya-fayan sun fito duka, saura ka tabbatar za su zauna. Yi wa kowanne smartctl -t long, ka jira ya gama. A kan faifan da babu komai, bi da:

badblocks -b 4096 -wsv /dev/sdX

Yana rubuta salo huɗu a kan faifan gaba ɗaya yana karantawa, yana share komai, kuma a babban faifai yana cin kwanaki. Kunna shi a kan dukkan faya-fayan lokaci guda, kowanne a tagarsa ta tmux, domin haka ne za ka matsa wa kati da waya da akwatin wuta irin matsin da za su sha ranar sake gina RAID. Bar dmesg -w a buɗe a wata tagar. Bayan an gama, sake duba 5, 197, 198 da 199 ka gwada da adadin da ka rubuta da farko.

Wajen haɗa rumbun, yi amfani da sunayen da ke cikin /dev/disk/by-id, a fstab kuma UUID tare da nofail don kada rashin faifai ɗaya ya hana sabar tashi. Ga ZFS sa ashift=12. Saita smartd ko faɗakarwar TrueNAS ta riƙa aiko maka saƙo, ka tsara "scrub", wato binciken duk bayanan rumbun, sau ɗaya a wata, ka haɗa UPS da sabar ta USB don ta kashe kanta kafin batir ya ƙare. Sannan, tun rumbun na fanko, kashe sabar ka zare faifai ɗaya, ka kunna ka ga ko saƙon ya iso wayarka, ka mayar da shi ka bi matakan gyara har zpool status ya nuna kowane faifai ONLINE. Bayan nan ka fara kwafe kaya, kana riƙe da kwafi na biyu na duk abin da ba za ka iya rasawa ba a wani faifan da ba ya cikin wannan akwatin.